Bencin Tolib-aka

Bangon da ke tsakanina da maƙwabcina Tolib-aka ba ya riƙe sirri. Ranar Lahadi ina shan shayi na ji 'yarsa Dilrabo ta ɗaga murya.

"Baba, na saya maka waya mai nuna inda bas take. Ga allo a tasha yana ƙirga mintoci. Me kake yi awa biyu cikin sanyi?"

"Jira."

"Jiran me? An ce bas huɗu suka wuce ka jiya, kana kallon agogo kana surutu kai kaɗai! Ran Juma'a za ka bi ni Samarƙand."

"Uwarki ma ba ta iya da ni ba, balle ke."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas a Tashkent. Da ya yi ritaya sai ya tare a bencin tashar unguwarmu. Duk wanda ya iso sai ya tambaye shi, yana kiran sa aka, wato yaya, "Aka, ta wuce?" Ya dubi sama, ya dubi cunkoson titi, ya ce saura minti shida. Mata kan ajiye masa gurasa mai zafi. Bara aka kafa allon.

Ruɗewar tsufa ce ko taurin kai? Na kasa ganewa, sai na bi shi ran Litinin na zauna gefensa. Allo ya ce saura minti uku, leɓensa ya ce bakwai. A bakwai ta iso. Ya waiga dama, ya waiga hagu, kowa idonsa na kan waya. Ta biyu allo ya ce biyar, shi ya ce tara, ta zo a biyar. Ya kara agogon a kunne, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Ran Alhamis Dilrabo ta shigo wurina.

"Tsakaninka da Allah, ya ruɗe ne?"

Kalma ɗaya daga bakina da ta bar shi a gidansa. Na ce ban sani ba. Har yau ina tambayar kaina ko gaskiya na faɗa.

Juma'a da hantsi ya tsaya a ƙofata, riƙe da akwati.

"Na ji amsarka ta bango, ban ga laifinka ba. Amma ran nan, ɗana, awa guda kana gefena. Sa'ad da ka so sanin lokacin bas, waya ka ciro."