Ramar da Kuka Taya Ni Murna Ba Ta Gudu Ba Ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ban sa komai a shafin nan ba. Masu turo saƙo suna tambaya ko lafiya, ku yi haƙuri. Ba lafiya ba ce, kuma kunya ce ta rufe mini baki.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni malama ce a wata makarantar 'yan mata kusa da Ƙofar Doka. Bara ƙanena ya kawo mini agogon nan mai auna bugun zuciya. Na haɗa shi da manhaja a waya, na fara zagaya filin makaranta da safe kafin ɗalibai su iso.

Manhajar ta raba gudu launi-launi. Kore shi ne a hankali, ja kuwa zuciya ta kai maƙura. Ta ce yawancin gudun mutum ya tsaya a kore.

Ni ban taɓa ganin koren nan ba. Taku goma na shiga ja. Agogo ya yi ta girgiza a hannuna yana gargaɗi, na shiga na kashe masa baki. Cewa na yi don ragwaye aka yi shi.

Sai rama ta zo. Sau uku ina kai kayana wurin tela yana ragewa. Ina cinye malmala uku ta tuwo, in kora da fura, amma sikeli sai ƙasa yake yi. Na ɗora hotuna, kuka yi ta sa mini albarka. Wasunku suka ce in koya musu, na kuwa koya: "In ba ki ga ja ba, ba ki fara ba." Da hannuna na rubuta wannan. Allah Ya yafe mini.

Zufa ta riƙa keto mini ko ina zaune. Hannuna yana rawa har alli ya faɗi a gaban aji. Abu kaɗan in hau mutum da faɗa. Duk na ce gajiyar motsa jiki ce.

Wata Asabar da hantsi na je kitso wurin Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina. Na cire hijabi na zauna a gabanta. Ta yi rabin kai, ta ɗaga haɓata za ta tsaga gaba, sai ta tsaya.

"Bilki, haɗiye yawu in gani."

Na haɗiye.

"Tun yaushe wuyanki ya kumbura haka?"

"Gwaggo, rama ce ta fito da shi."

Ta ɗora tafinta a ƙirjina. Sannan ta ce, "Ke kina zaune, zuciyarki tana gudu. Wannan ba ramar lafiya ba ce. Tashi ki sa hijabinki."

Da rabin kai a kitse ta tura ni cikin napep zuwa asibiti.

Muka yanki kati, muka bi layi. Nas ta auna ni, ta dube ni, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Bugun zuciyata ɗari da ashirin da takwas a minti ɗaya, ina zaune a kan benci. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗauki hoton wuyana, aka ɗebi jini. Gwajin jinin nan akwai tsada, ba zan ɓoye muku ba. A ranar aka ba ni gado.

Da sakamako ya fito, likita ya ce akwai wata tsoka a wuya, tayirod, ita ce ke kumbura a kira ta maƙoƙo. Tawa ta haukace da aiki, tana ƙona jikina tana korar zuciyata. Ita ta ramar da ni, ba gudu ba.

Don in kare kaina na miƙa masa waya, na ce ai kullum ina motsa jiki. Ya buɗe shafin bugun zuciya lokacin hutu, wanda ban taɓa leƙawa ba. Wata biyar layin yana hawa kamar matakala.

Ya ce, "Malama, agogon nan ya daɗe yana gaya miki. Da kin ci gaba a haka, za ki iya faɗuwa a filin nan, ba lallai ki tashi ba."

Na kasa ko kuka. Na tuna filin ba kowa sai ni. Sannan na tuna ku, matan da na ce su nemi ja. Tsoron wannan ya fi na kaina.

Kwana huɗu na yi a kwance. Bayan sallama, magani safe da yamma, gwajin jini duk wata, gudu kuwa an hana. Rawar hannu ta tafi. Jiki ya dawo, na koma wurin tela ya buɗe abin da ya rage. Wata mata ta tare ni a lungunmu ta ce, "Malama, kin saki jiki, ƙiba ta dawo." Na ce alhamdulillahi, ta yi zaton wasa nake yi.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da maigidana da ya riƙe gida da yara. Gwaggo Ladi kuwa, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Na goge duk tsofaffin rubuce-rubucena. Wadda ta bi su, don Allah ta daina. Ku duba bugun zuciyarku kuna zaune, ba sai kuna gudu ba. In kuna ci kuna ramewa, ku je asibiti. Ku cire hijabi a gaban madubi ku dubi wuyanku. In agogo ya yi gargaɗi, kada ku kashe shi.

Makon jiya likita ya yarda in fara tafiya a hankali. Na kunna gargaɗin da na kashe, na zagaya filin sau ɗaya, na duba hannuna.

Kore ne. Na tsaya a tsakiyar fili na yi kukan da na kasa yi a asibiti.