Jar Allurar Don Fulgencio

Na daɗe ina dafa wa maza wake da tortiya, wainar masararmu ta gida, a sansanin masu tsinkar ganyen taba a Karolina ta Arewa, kuma a cikinsu kaf mutum ɗaya ne ban taɓa jin kamar in kwaɗa masa ludayi a ka ba. Eleuterio Paniagua ke nan, ɗan ƙauyen da ke bayan namu a duwatsun Michoacán, can ƙasar Meziko. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya son dogon zance. Tun yana saurayi yake tsallako hamada zuwa Amurka ba takarda, in sanyi ya shigo ya koma gida wajen matarsa Herlinda, in bazara ta zo ya sake tsallakowa.

Duk Lahadi da hantsi wata farar mota kan kawo mata masu zaman kansu daga gari. Sai ka ga ƙarti sun jeru a bayan ɗakin ƙarshe, wasu da hoton Budurwa Maryamu a wuya, suna ture juna kamar ana rabon nama. Ni a ranar ko tagar kicin ba na buɗewa don ƙyama. Eleuterio kuwa sai ya kwashi kayansa ya tafi famfo wanki. Shi ya sa suka laƙaba masa Fada, wato limamin coci.

Chon, wani dogon banza mai haƙorin azurfa, shi ne kan gaba wajen tsokana. "Fada! Zo mana ka sa wa layin nan albarka!"

"Ku ji da kanku," in ji Eleuterio. "Ni Herlinda ta ishe ni."

"Herlinda tana bayan hamada, mutumina!"

"Ko a bayan teku take."

Abin alfaharinsa ke nan a duniya. Ba shi da gona, ba shi da mota, amma ƙauyensu kowa ya san mijin Herlinda bai taɓa kallon wata ba.

Ganyen taba mugun abu ne in da raɓa a jikinsa. Ruwan yana shiga fata, kafin azahar mutum ya fara jiri da amai. Asibiti kuwa ba mai zuwa, don ba mai takarda. Ko motar ma'aikatan lafiya ta shigo sansani, da an hango ta sai mazan nan su watse cikin gona, wai 'yan shige da fice ne suka yi shigar likitoci. Ga shi mutanenmu ba su ɗauki ƙwaya a bakin magani ba. In ba a tsira musu allura sun yi ɗingishi ba, to ba a yi musu komai ba.

Nan wani da muke kira Don Fulgencio ya samu wurin zama. Tsoho ne da ya taɓa sharar wani kantin magani a garin Zamora, can gida, shi ke nan ya zama likita. Yakan zo da ƙananan kwalaben jar allurar bitamin daga gida, duk Asabar bayan an tashi aiki ya zauna a kan bokiti, maza su riƙa zuwa suna sassauta wando. Sirinji ɗaya gare shi, allura ɗaya. In ya zare daga wannan, sai ya zuƙi ruwa daga wani tsohon gwangwanin barkono da ya tsinta a sharata, ya fesar a ƙasa, ya ce na gaba. Kafin a gama ruwan gwangwanin ya zama ja-ja, ban san ko bitamin ne ko jini ba. Na sha ce masa wannan ƙazanta ce.

"Doña Casilda," yakan ce, "ke ji da tukunyarki. Ni na taɓa shigar miki kicin?"

Eleuterio bai taɓa fashin Asabar ba. Yana son ƙarfin aiki.

A bazarar da abin ya faru, ya dawo daga gida da fara'a, Herlinda na da ciki bayan dogon jira. Amma shi sai rama yake. Tari, zawo, farin abu a harshe. Na ga yana tura abinci gefe, mutumin da yake suɗe kwano. Don Fulgencio ya ninka masa allura. Ran nan ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunya, mai gona ya ji tsoron kada ya mutu masa, ya kai shi asibiti ya sauke a bakin ƙofa ya yi gaba. Ni na bi shi, don ina ɗan jin Turanci.

Ƙanjamau ce, kuma ta daɗe a jikinsa. Likitar, wata mata mai furfura, ta yi masa tambayoyi har ta iso kan allura, sai ta dafe kai. Ta ce shi za a ba shi magani, zai tashi. Amma lallai matarsa ta je a gwada ta kafin ta haihu. In tana ɗauke da ita aka fara ba ta magani da wuri, za a iya tsirar da jaririn. In aka bari, sai abin da Allah ya yi.

Daga ranar ba abin da ke ran Eleuterio sai Herlinda ta je gwaji. Ya kira ta ya gaya mata komai. Wallahi da ta zage shi da ya fi sauƙi. Dariya ta yi.

"Tello," ta ce, don haka ake kiransa a gida, "wannan ciwon na mazan banza ne. Kai ka taɓa yin banza?"

"Ban taɓa ba. Allura ce, Linda."

"Allurar bitamin? Ni ma Doña Chayo mai allurar ƙauyenmu tana yi mini, uwarka ma ana yi mata. Likitocin can raina mu suke, duk ɗan Meziko mazinaci ne a wajensu. Ba zan je in tsaya a layin nan da cikina a gaba ba, gari ya ɗauka mijina ya ci amanata. Na san wanda na aura."

Ya kira, ya sake kira, amsa ɗaya. Cikin kuwa yana ta tsufa.

Sai ya je wajen Don Fulgencio, ina biye da shi. Herlinda tana ganin girman tsohon, shi ya tsaya wa ƙanenta a matsayin uba ranar baftisma. In shi ya ce mata allurarsa ce, za ta yarda. Muka same shi yana yankan farce.

"Don Fulgencio, magana ɗaya za ka faɗa mata. Don ɗan da ke cikinta."

Bai ko ɗago ba. "Ɗana, hannuna bai taɓa cutar da kowa ba. Duk mutanen nan na yi musu, wa ya faɗi in ba kai ba? Ka tuna dai inda ka je."

"Ka san ba na zuwa ko'ina."

"Ni na san abin da mutum yake yi a bayan famfo?"

Na ce masa tsohon banza mara kunya, na ce Allah ya isa. Ya hure farcensa. Sauran mazan kuwa, da suka san allura ɗaya ta ratsa su duka, ko ɗaya bai tashi ya je gwaji ba. Ya fi musu daɗi su ce ashe Fada ma yana taɓawa a ɓoye. Har kofinsa suka ware. Na riƙa zuba musu abinci ina jin kamar in tofa a ciki.

Wayar sansanin tana jikin bangon kicin ne, a waje, inda kowa ke zama cin abincin rana. Nan Eleuterio ya zo ya tsaya, wandonsa ɗaure da igiya don ya yi masa yawa. Ya buga. Ina jin muryar Herlinda sama-sama tana ba shi labarin yadda ɗan ke shure-shure.

"Linda, saurara," ya ce. "Ƙarya na yi miki. Ba allura ba ce. Akwai wata mace."

Cokula suka tsaya. 

"Tun yaushe?" ta ce.

"An daɗe. Kafin zuwana na ƙarshe."

"Ya sunanta?"

Mutumin nan ko sunan mace ɗaya na ƙarya ba shi da shi a kai. Daga kan benci Chon ya ɗaga murya, bakinsa cike da wake, "Ce mata Yesenia, Fada! Mai jan gashi!" Wurin ya kwashe da dariya, har da masu buga tebur.

"Yesenia," in ji Eleuterio.

Ta ajiye wayar. Shi ma ya rataye tasa a hankali, ya wuce ta tsakiyarsu. Chon ya miƙo hannu zai dafa kafaɗarsa, wai barka da shigowa cikin maza, ya tuna da ciwon, ya janye hannun ya goge a riga. Ban san lokacin da na kifar da tukunyar waken a gabansu ba.

Washegari Herlinda ta hau mota zuwa babban asibiti a birnin Morelia. Tana ɗauke da ita. Aka fara ba ta magani, ta haifi mace, kuma bayan gwaje-gwaje aka ce yarinyar ba ta ɗauka ba. Mahaifiyarsa ce ta gaya masa, don Herlinda ba ta sake karɓar wayarsa ba. In ya je gida yanzu, a ɗakin uwarsa yake kwana, yarinyar ma a can ake kawo masa ita ya gani.

Da ya murmure ya koma gona, na tare shi a bakin famfo. Na ce, "Tello, an haihu lafiya, buƙata ta biya. Gaya mata gaskiya mana. Ni zan yi maka shaida, ko a gaban Fada na gaske."

Ya ci gaba da matse rigarsa.

"Doña Casilda, ita ma sai ta sha maganin nan har ƙarshen ranta," ya ce. "Ranar da ta yarda ban yi komai ba, ranar za ta zubar da shi."