Harshen da na bari ya shiga idona

A lokacin ina goyon fari, na je wankan jego gidanmu a Tafoki. Ni mace ce mai ƙyanƙyami, ko moɗa ba na haɗawa da kowa, har ƙannena na tsokanata wai 'yar birni, don kawai ina aure a Ƙanƙara.

Ban yi arba'in ba, ana sheƙar dawa a tsakar gida, ƙaiƙayi ya faɗa min a idon hagu. Aka hura, aka wanke, ya ƙi fita. Gwaggona ta aika aka kira wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta yi suna wajen lasar ido. Tana sunkuyowa na ga ƙuraje a gefen leɓenta, irin waɗanda muke cewa na zazzaɓi, ɗaya ya fashe yana ruwa, ga dattin goro a haƙora. Na ji ƙyama, amma na miƙa idon kada a ce na raina babba. Ta buɗe idon da yatsu ta zura harshe. Har yau ban manta ɗumin yawun nan ba.

Ƙaiƙayi ya fita, kowa na sa mata albarka. Bayan 'yan kwanaki idon ya yi ja, yana zogi kamar an zuba barkono, ƙuraje suka feso a fatarsa. Gwaggo ta ce nono ne maganinsa, na biye mata, ina tatsa ina ɗigawa. Ga shi kuma da tsinken kwalli ɗaya nake sa wa kaina da jaririyata.

Mijina ya biyo daga kasuwar Sabuwa, ko ruwa bai sha ba ya kwashe mu sai asibiti. Likita ta ce ƙwayar cutar ƙurajen baki ce ta shiga idon, kuma in ta kama jariri tana iya kisa. Ta ba ni magani, ta ce ba ya hana shayarwa muddin babu ƙurji a nono, in riƙa wanke hannu kafin in taɓa yarinya, in jefar da kwallin. Allah ya tsare min 'yata. Ni kuwa tabo ya zauna, da wannan idon komai cikin hayaƙi nake ganinsa.

Ba tsohuwar nake jin haushi ba, taimako ta yi niyya. Kaina nake ƙyama, na ga ƙurajen ƙuru-ƙuru na miƙa ido. 'Yan uwana mata, ido ba wurin harshe ba ne, ba kuma wurin nono ba. In ƙyanƙyami ya taso muku kada kunya ta sa ku haɗiye shi. Ni da na haɗiye nawa, yau sai na rufe ido ɗaya nake ganin fuskar 'yata da kyau.