Ɗigon Jan Farce a Kan Tamanin

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba wani ya ba ni labari ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina jan bas daga Agege zuwa Abeokuta, in bi ta Abule Egba in miƙe, kuma duk tashar an san ni da gudu, don ni a ganina allon gefen hanya mai lamba tamanin an kafa shi ne saboda 'yan koyo.

Matata Hajara, Allah ya jiƙanta, haifaffiyar Agege ce, Yarabanci a bakinta kamar ruwa. Takan sari kwanuka a kasuwar Jankara ta kai wa abokan cinikinta a Abeokuta, to duk ranar tafiya kujerar gaba tata ce. Ba ta taɓa yi mini faɗa gaban fasinja ba. Da ta ga allurar maleji ta haura tamanin sai ta ɗan bugi gwiwata sau biyu da yatsa, ta ce, "Oga direba, rora," wato a hankali. Wata rana na ce mata idona ba ya ganin lambar sosai, don in tsokane ta, ai kuwa da safe na tarar ta ɗiga jan farce a kan gilashin, daidai kan tamanin. Ta ce, "Baban Ummi, yanzu kuma sai ka ce mini ba ka ganin ja."

Ciwon kwana huɗu ta yi ta rasu, ta bar ni da Ummi tana shekara shida. Ban goge ɗigon nan ba, amma maganar gaskiya na daina kallonsa, domin ita yake tuna mini.

Bayan shekara biyar aka sa ranar walimar saukar Ummi, ƙarfe biyu na rana, na yi mata alkawarin ina wurin. Mota ba ta cika da wuri ba a Abeokuta, sai wajen ɗaya muka tashi, kujerar gaba ma babu kowa don na ƙi jira. Na taka mota, kai, na taka ta sosai, allura ta bar ɗigon nan a baya, fasinja na ta gunaguni ina jinsu na yi kunnen uwar shegu.

Mun kusa wata kwana kafin Ifo sai na ji an bugi gwiwata. Sau biyu, da yatsa, a daidai wurin. Na rantse da Allah ba sitiyari ba ne, ba giyar mota ba ce, hannu ne, kuma na san hannun. Ƙafata da kanta ta saki totur ta koma kan birki. Muna shan kwanar sai ga tirela ta kife, kwantena ta tare fiye da rabin hanya, ko ganyen gargaɗi ba a kai ga zubawa a titi ba. Na tsaya, tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma biyu ba. Innalillahi! Da gudun da na taho da shi, da ranar saukar Ummi ta zama ranar da ta rasa uba.

Wata tsohuwa Bayarabiya da ke bayana ta dafa kafaɗata tana sa mini albarka, ta ce Allah ya saka wa wadda ta ce mini rora. Na ce, "Mama, wa ya ce?" Ta ce ita dai ta ji muryar mace daga gaba. Ta leƙa kujerar ta ga babu kowa, ta dube ni.

Na samu walimar, a makare. Ummi na karatu ina kuka, mutane sun ɗauka murna ce kawai.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan nan sau uku ina fita da mota ni kaɗai, da rana tsaka, in haura tamanin da gangan, in saki gwiwata ina jira. Kewarta ce ta sa ni wannan wauta, so nake ta sake taɓa ni ko sau ɗaya. Ba ta taɓa ni ba. A na ukun na gangara gefen hanya na zauna kunya ta ishe ni, mace ta hana ni mutuwa ni kuma ina yi mata tayin raina don in ji yatsanta.

Na tambayi malamai biyu kan bugun gwiwar nan, kowa da abin da ya ce, ni dai ban sani ba har yau. Na sayar da bas ɗin tuni, amma na ciro malejin, yana cikin akwatina, kuma sabuwar motata Ummi ce ta ɗiga mata jan farce.

Direbobi 'yan uwana, lambar da kuke gani a allo ku tsaya a kanta. Ni an taɓa gwiwata sau ɗaya, kuma na gwada na gani, ba a sakewa.