Yaunin da Muka Mayar Ruwa

Baba masunci ne tun kafin a datse kogi a Dadin Kowa. Da ƙafafunsa suka fara kumburi sai ya dawo Gombe ya kama rumfar banda a kasuwa. Bayan rasuwar Inna ni na zama mai taya shi zama, kuma mai yi masa faɗa in ya ƙi shan magani. Bakina ba ya shiru, shi kuwa sai ya yini bai ce uffan ba.

Wata safiya da damina muka ga mutane sun yi cincirindo a bakin layin masu kifi. Na kutsa, Baba na bina da sandarsa. Wani masunci ne ya kawo kifin da ake kira yauni da ranta a cikin baho, doguwa, ta kusa kai tsawon hannuna biyu, cikinta ya yi ƙato da ƙwai. Ni ban taɓa ganin yauni sai a bakin Baba. Yakan ce a cikin ciyawar da ambaliya ta rufe take yin sheƙa, kuma tunda dam ya hana ruwa malala kamar da, sai irinta ya yi ta ƙarewa. Shi ya sa masunta suka yi alkawari gaban sarkin ruwa cewa ba mai taɓa ta da damina.

Wata 'yar kabilar Ibo mai gidan abinci a Dawaki, wadda ta daɗe tana sayen banda a wurinmu, ta riga ta ɗora hannu a kan bahon, tana zancen farfesu. Baba ya matsa kusa da bahon. Bai ɗaga murya ba. Ya tuna wa masuncin alkawarin, ya ce ya kwashi bandar da ke rumfarmu duka a bakin kifin. Na buɗe baki zan yi magana, ya harare ni, na haɗiye. Matar ta daɗe tana kallon cikin kifin, sannan ta janye hannunta. Da Baba ya ce ruwa za mu mayar da yaunin, ita ce ma ta ara mana babbar robarta.

Muka samu a-kori-kura mai zuwa Dadin Kowa da buhunan taki. Baba ya ja kunnen direba cewa yauni tana leƙowa sama ta shaƙi iska, kada a rufe ta. Direba ya ce to, alhali hankalinsa na kan lodi. Aka sa mu gaba, robar kuma a baya.

Mun yi nisa da gari, na lura ban ji fantsamar ruwa a baya ba, ga kuma ramuka sai jijjiga mu suke yi. Na waiwaya ta gilashi. Ashe direban nan ya cika robar da ruwa maƙil, ya lulluɓe ta da leda, ya ɗaure tamau don kada takinsa ya jiƙe. Wallahi ban san lokacin da na kama sitiyarin ba.

"Tsaya, malam! Ka kashe mana ita!"

Kafin mota ta gama tsayawa na dira, na yaga ledar da haƙori. Yaunin ta kwanta a gefe guda, gezar bayanta ko motsi. Na zage direban tas, shi ko sai haƙuri yake bayarwa. Baba ya rage ruwan da tafin hannu, ya tallafo kanta sama. Can ta buɗe baki sau ɗaya. Ya ce mu tafi, kuma a baya ya zauna, kan buhu, hannunsa cikin roba.

Wurin da ya sani mai ciyawa, da muka isa, gonar shinkafa muka tarar har bakin ruwa. Ya tsaya yana dube-dube kamar baƙo, tausayinsa ya kama ni. Direba, ko don kunya, ya ɗauki robar a ka, muka bi gaɓa ta cikin taɓo har muka sami wani lungu da ciyawa ta rage.

Na ce Baba ya bari ni in shiga, likita ya hana ƙafafun nan ruwan sanyi. Ya miƙo mini sandarsa kawai. Ya shiga har ƙugu, rungume da kifin, ya tsaya. Na ji tsoro sosai, ga shi cikin ruwan sanyi, ita kuma a sake a hannunsa. Na yi ta salati. Sai gezar nan ta fara kaɗawa daga wuya har wutsiya, a hankali, ta zame daga hannunsa ta shige ciyawa.

Na saki ajiyar zuciya, na fara tsokanarsa cewa yau ya aurar da 'ya, sai ya fito mu tafi. Bai yi dariya ba. Idonsa na kan ruwan.

"Allah ya sa akwai namiji da ya rage," in ji shi. "Zama kai kaɗai ba daɗi."

Na miƙa masa sandar, na kama ɗaya hannun, muka hau gaɓa.