'Ya'yan Farin da Ba Su Shiga Takarda Ba

A shekarar da aka canza hannun tuƙi, aka ce motoci su bar hagu su koma dama, a shekarar ne Allah ya kawo mini baƙo daga jami'a. Ina tunawa sarai, domin ranar da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Gombe direbobin manyan motocin auduga ba su gama sabawa ba, kowa na tafe a hankali, 'yan sanda na ta busa usur. Da hantsi mai unguwarmu ta Dawaki ya aiko a kira ni, ya ce ga baƙo an turo masa da takardar hukuma, ni zan sauke shi, ni kuma zan riƙa raka shi gida-gida.

Ba don komai aka zaɓe ni ba sai don sana'ata. Lokacin ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Nakan zauna a gindin dogon yaro kusa da kasuwa, da kurtun tawada da alƙaluman kara, fatake 'yan Kano da Katsina da Fulanin gari su zo su faɗa ina rubutawa. Ba a haihuwa ko aure ko rasuwa a Dawaki da Nasarawo ba tare da labarin ya bi ta alƙalamina ba.

Baƙon mutumin kudu ne, dogo, mai tabarau, ya koyi Hausa daga littafi, yana gaisuwa daidai amma da sauri kamar ana korarsa. Ya ce yana neman babban digiri, wanda in an samu ake ce wa mutum dokta, kuma bincikensa a kan zaman iyali ne a garin da yake girma: yaushe mutum ya yi aure, 'ya'yansa nawa da shekarunsu, wa ke zaune da wa. Tun daga ranar unguwa ta sa masa Dokta. Yakan ce tukuna, bai samu ba. Ba wanda ya saurare shi, ni ma da sunan na riƙa kiransa.

Bayan la'asar muna zaune a zaurena, ya zaro takardar tambayoyi ya ce zai fara gwadawa a kaina. Na ce masa ni ma ina da tambayoyi cike da ciki, don ban taɓa wuce Jos ba.

"To mu yi ciniki, Malam," in ji shi. "Duk tambayar da na yi maka ka ba ni amsar gaskiya, kai ma ka yi mini ɗaya in ba ka ta gaskiya. Har ranar da zan tafi."

Muka yi musafaha a kai. Ya rubuta lamba ɗaya a saman takardar. Ya tambayi shekarar aurena, na gaya masa. Ni kuma na tambaye shi ko da gaske ne ruwan teku duk gishiri ne, ya ce ya ɗanɗana da bakinsa. Sai ya ce, "'Ya'yanka nawa?"

Na ce, "Biyu."

Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. Bakina ne ya faɗi abin da ya saba faɗi. 'Ya'yana uku ne. Amma ta fari, tun da aka yaye ta tana Nasarawo wajen mahaifiyata, wadda muke kira Dada, kuma a gidanmu, kamar gidajen da yawa a garin nan, mutum ba ya ambaton ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya sa shi a ƙidaya. Kunya ce muka gada. Ba ƙi ba ne, ni dai na san abin da ke zuciyata duk ranar da na ga yarinyar ta dawo daga makarantar allo. Amma in ce wa baƙo "ina da ita", wannan ya fi ƙarfin harshena. Ya rubuta biyu, muka wuce.

Washegari muka fara yawo. Shi yana cika takardunsa da boko, ni ina fassara masa abin da ya kuɓuce masa, ina kuma riƙe da nawa ɗan kundin da nake rubuta gidan da muka shiga don kada mu maimaita. Gida na uku na wani dattijo ne dillalin shanu a Nasarawo. Muka same shi a zaure, wani magidanci mai gemu na gefe yana faci a tayar keke.

Na ce, "Bappa, baƙo na tambaya, 'ya'yanka nawa?"

"Yanzu mutane ake ƙirgawa? Ni ko shanuna ban taɓa ƙirgawa a gaban baƙo ba."

"Ba na haraji ba ne, Bappa. Na karatu ne."

"Karatun me?"

"Karatun zaman mutane."

Ya dubi Dokta daga sama har ƙasa, ya ce, "Allah sarki. Duk tsawon nan nasa, bai san yadda mutane ke zama ba?" Sannan ya lanƙwasa yatsu ya ce biyar.

Dokta ya nuna mai facin da biro. "Wannan fa?"

"Wani ne da ke zaune a nan gidan."

Mai facin ko ɗago kai bai yi ba. Ni kuwa na san ɗan farin dattijon ne, domin ni na rubuta wasiƙar gayyatar aurensa. Ba a gyara wa dattijo magana a zaurensa. Sai na buɗe kundina na rubuta a gefe: akwai na fari, namiji, ya kai shekara kaza. Na ce a raina in mun fita zan gaya wa Dokta. Da muka fita sai na tuna in na buɗe wannan magana, dole ta dawo kan takarda mai lamba ɗaya. Na ce bari sai gobe.

Goben nan ta yi wata huɗu. Ba kowane gida ba ne. Wasu 'yan kasuwa sukan faɗi nasu duka ba tare da wata damuwa ba. Amma gidajen da aka ɓoye suna da yawa, kuma kowanne na sa masa alama a gefen kundi. Cinikinmu kuwa bai tsaya ba. Na ji yadda ake shanya koko, da yadda gada take tsayawa a kan ruwa. Wata rana na tambaye shi me ya sa ya nace wa wannan digiri, ya ce mahaifinsa ya tsufa, kullum yana gaya wa mutanen ƙauyensu cewa ɗansa zai zama dokta, yana so tsohon ya gani da idonsa. Duk abin da na tambaya, ya ba ni gaskiya, har wadda ba ta yi masa daɗi ba.

Ana saura mako ya tafi, ya same ni a gindin dogon yaro fuskarsa na walƙiya. Ya ce ya haɗa takardunsa ya ga abin mamaki: a gidaje da yawa na Gombe, mace takan yi shekaru bayan aure kafin ta yi haihuwar fari, abin da ba a taɓa rubutawa ba game da wani gari a ƙasar nan. Ya ce wannan kaɗai ya isa digiri. Sai kuma ya cire tabarau ya dube ni, domin shi ba wawa ba ne.

"Malam, tambayata ta yau. Akwai wani abu da ke gabana wanda ban gani ba?"

Na duƙar da kai ina fiƙe alƙalami. Na ce, "Allah ne masanin komai, Dokta."

Gaskiya ce, amma ba ita ya tambaya ba, kuma na san haka. Na raka shi tasha, ya rungume ni, ya bar mini biro biyu da ban taɓa amfani da su ba.

Da na ba Dada labari, ta yi dariya har ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce, "Wato yanzu can kudu ana cewa matan Gombe ba sa haihuwa da wuri? Kai ka manta watanni nawa da aurenka aka haifi wannan?" Ta nuna yarinyar da haɓa. Ni dai ban yi dariya ba. Na sha zama bayan sallar asuba ina auna abin. Kunya daga imani take, haka aka karantar da mu. Amma alkawari ma ai daga imani yake, ga shi na bar bawan Allah ya ɗora gininsa a kan rami. Sau biyu ina rubuta masa wasiƙa, sai in tuna ba ya karanta ajami. In na je wajen mai rubutun boko kuma, sai na faɗi maganar da bakina a gaban wani. Wasiƙun suka zauna a gafaka tare da kundin.

Sai a shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, garin ya cika da sababbin babura da rediyo, ina zaune a wurina na ga wata ƙaramar mota ta tsaya, dogon mutum ya fito yana sunkuyawa. Mutanen kasuwa suka taso suna cewa Dokta ya dawo. Ya ce tukuna dai, har yanzu bai samu ba. Da muka keɓe ya gaya mini ya gama rubutu, amma malamansa sun ce abin da ya gano ya yi girma da yawa, ya koma ya tabbatar kafin ya zauna gaban masu jarrabawa. In gaskiya ne ya yi suna, in kuskure ne kuma aka gano a can, aikin shekaru ya rushe.

Na ce masa ya tashi mu je mu gai da Dada.

Muka same ta a tsakar gida, yarinyar ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce ya tuna ta, a takardarsa ya sa ta cikin yaran riƙo. Na ce, "Dada, baƙo na so ya san 'yar wace ce." Na juya ina kallon rumbu.

Kaka ba ta da wannan kunya. Dada ta ce, "Wannan mummunar? Ta wancan ce da ke ƙirga karan rumbu. Ita ce ta farinsa. Tambaye shi ka ga yadda wuyansa zai shige riga."

Yarinyar ta ce, "Ni ce mummuna, Dada? Ai da ke aka ce ina kama." Ta ruga ɗaki.

Dokta ya juyo ya dube ni. Sannan a hankali ya ce, "Dattijon nan mai shanu. Mai facin keke."

Na ce, "Shi ma."

"Gida nawa?"

Na zaro kundin daga gafaka na miƙa masa, ko da yake na san ba zai iya karantawa ba. Ya juya shi, ya ga ƙananan rubuce-rubucen da ke gefen kowane shafi. Ya ce, "Tun ranar kake rubutawa?" Na ce tun gida na uku. Ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti, har tabarau ya zame. Dada ta ce a ƙaro masa ruwa.

Kwana tara muka yi a gindin dogon yaro, daga hantsi zuwa azahar, ni ina karanta ajami, shi yana gyara boko. Masu wasiƙa suka yi ta jira suna mita. Duk ɗan farin da muka mayar gidansu, abin mamakin Dokta sai ya ƙara raguwa, har ya ƙare ƙaf, matan Gombe suka koma haihuwa kamar matan ko'ina. Na ba shi haƙuri a kan haka. Ya ce in bar haƙurin, ya rasa babi ɗaya ya samu wanda ya fi shi, domin yanzu zai rubuta yadda mutum zai ƙirga gari guda da takarda a hannu ya tsallake 'ya'yan da aka fi ji da su. Ya koma wajen Dada sau uku da rikoda, ita kuwa ta samu mai sauraro, har da abin da bai tambaya ba.

Rana ta tara, da muka kai ƙarshen tarin, ya zaro wata takarda daga ƙasa wadda ta fara ja don tsufa. Lamba ɗaya ce. Ya gyara zama, ya cire murfin biro.

"Wannan Dada ba za ta biya maka ba, Malam. Da kai muka yi musafaha. 'Ya'yanka nawa?"

Na duba hagu, na duba dama. Mai sayar da goro na kusa ya tafi alwala. Na yi bismilla a zuci, na ce, "Uku."

Ya soke biyu ya rubuta uku. "Sunan ta fari?"

"Dokta, ka ji tsoron Allah."

Ya yi murmushi, ya juyo da takardar wajena. Na tsoma alƙalamin kara a tawada, na rubuta sunanta da ajami a cikin ɗan akwatin da aka bari, daga dama zuwa hagu, na sa wasali ɗaya-ɗaya yadda ban taɓa ƙawata sunan kowa ba. Ya hura tawadar har ta bushe, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, bai mayar da ita cikin tarin ba. Sannan ya miƙo hannu ya ce ba ya bina amsa ko ɗaya, muka yi musafaha, na kira mai wasiƙar da ya fi kowa daɗewa a layi.