Tsagar Dutsen Iyaka

Ina tara karan gero a gonarmu ta wajen Bungudu sai na ji ana dukan dutse. Na ɗago na hangi baƙi biyu, mace da namiji, sun tsuguna a bakin iyaka. Namijin na riƙe da guduma. A ƙasarmu, baƙon da ya zo da guduma zinariya yake nema, kuma gonar da aka haƙa ba ta komawa gona.

Na yi sallama, na ce, "Malam, mi kuke bida?"

Namijin ya ce daga Gusau suke, sun biyo ta wajen hakimi. Ya ɓanto dutsen, ya lasa, ya ɗiga masa ruwa. Ruwan ya shige nan take.

Matar ta ce, "Baba, ka ga yadda ya sha? Yashi ne ya daskare, cikinsa duk ƙananan ƙofofi. Irinsa, can ƙarƙashin ƙasa, shi ke riƙe man fetur da gas. Gwadawa kawai za mu yi."

Ban yarda ba. Wa ke lasar dutse don fetur? Sai idona ya kai inda namijin ya sara. Falalen nan shi ya raba gonarmu da ta maƙwabcina. Iyayenmu ne suka yi masa tsaga da gatari gaban shaidu, ba mu da wata takarda sai ita. Tsagar ce ya ɓanto, don nan ya fi sauƙin fashewa. Har matar ta sa ta a leda ta rubuta lamba.

Na roƙe su kada su motsa. Na ruga na kira maƙwabcin, kada gobe a ce ni na goge iyaka.

Ya zo yana dariya. "Kai dai da tsoro! In fetur ya fito, rabin rijiya tawa ce."

Baƙin suka ba da haƙuri, suka miƙo ɓallin dutsen. Muka juya shi ta kowane gefe, ya ƙi zama, gefensa ya riga ya marmashe. Maƙwabcina ya karɓi gudumar, ya ce ya tuna wurin sarai. Ya yi sabuwar tsaga, ni kuma kunya ta hana ni magana gaban baƙi.

Baƙin ba su sake dawowa ba. Amma duk shuka sai na auna daga tsagar zuwa kunyar gonata ta farko, kuma kullum ina ganin taki ɗaya ya ɓace. Ban taɓa faɗa wa maƙwabcina ba, don ban tabbata ba, kuma ina tsoron ɗaukar alhakinsa.